Ɗakin da Ya Yi Anko

Wanda ya bi hanyar madatsar ruwa ta Tagwai, a gefen Minna, zai wuce gidaje iri biyu, kowanne launi ɗaya tun daga tushe har bisa. Akwai ragowar gidajen ƙasa na ƙauyukan Gbagyi: bango ja-ja, rumbu ja-ja, tsakar gida haka, har da 'yar hanyar da ta kai ka bakin ƙofa. Akwai kuma sababbin gidajen da gari ke turowa yana lashe gonakin doya: katanga ruwan toka, get baƙi, rufi baƙi, in kuma aka yi maka iso ka shiga falo sai ka tarar tayil toka, kujeru toka, labule toka, agogon bango ma bai tsira ba. Na farkon, ido yana sauka a kansu ya huta. Na biyun kuwa, kafin a kawo maka ruwa ka fara waige-waigen taga. Tunda duk biyun launi guda ne, ba yawan launin ne ya raba su ba. Wani abu ne daban, kuma sai an koma baya ake ganinsa.

A 1978 aka gina madatsar, don shayar da garin da aka san zai kumbura, shekara biyu bayan gwamnatin Janar Murtala ta yanko Jihar Neja daga tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma aka ba Minna hedikwata. Kafin nan Minna garin jirgin ƙasa ne, mahaɗar layin Baro da na Legas tun farkon shekarun 1910, kuma in ka cire gidajen reluwe da na manyan ma'aikata, yawancin gari jar ƙasa ne da kwano mai tsatsa. Mu da muka buɗe ido a tsofaffin unguwanni irin su Limawa da Kwangila mun riski ƙarshen wannan zamani. Ba a zaɓen kalar gida a lokacin, domin ƙasar da aka haƙo a kududdufi ita ce kalar. Magini ya kwaɓa ta, ya ɗora tubali, ya yi yaɓe da tafin hannu. In ana so bango ya jure ruwan Agusta sai a jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba, a shafe shi da ita, ya koma ja mai duhu yana ɗan sheƙi. Daɓen ɗaki aikin mata ne: a zuba tsakuwa da ƙasa, a kira gayya, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa ana yayyafa makuba har wurin ya yi santsi. Mai hali ya sa a kawo farar ƙasa a shafe cikin ɗaki kafin salla. Kalolin gida ke nan: ja, da ja mai duhu, da ɗan fari.

Amma duk wanda ya taɓa jingina da irin wannan bango ya san launinsa ne ɗaya, fuskarsa ba ɗaya ba ce. Sawun yatsun magini yana nan layi-layi, kowane layi da 'yar inuwarsa. Hasken hantsi ya ba shi wata kama, na la'asar ya ba shi wata. Inda hayaƙin murhu ya bi ya yi duhu, inda kafaɗun mutane ke gogawa ya yi ƙyalli, facin bara daban, na bana daban. Manyan magina sun san wannan sarai. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, ba tarin kaloli ne adonsa ba. Bakan gizo ne da ginshiƙai da zanen da aka fitar a jikin ƙasar kanta, haske da inuwa suka ƙarasa aikin. Haka tukwanen Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, wadda kuma a nan Minna Allah ya yi mata rasuwa a 1984. Tun kafin ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a Abujar da, wato Suleja, a 1954, da hannu take gini irin na matan Gbagyi. Tulunta kala ɗaya ne mai duhu, amma ta tsaga masa ƙadangare da kunama da kifi da kada, ido ya yi ta zagaye bai ƙoshi ba.

Kala mai yawa kuwa tana da mazauninta, wato ɗakin mace. Kakanninmu sun yi jeren ƙwarya da faya-fayi masu rini, iyayenmu suka yi na kwano. Langa da kumbo da fanteka, waɗanda aka fara shigowa da su daga Turai da Hongkong kafin a kafa masana'antunsu a ƙasar nan, kowanne da furensa, ja da rawaya da kore da shuɗi, an jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi a gefen gado mai rumfa. In aka ɗauki jeren shi kaɗai, hayaniya ce. Sai dai bango guda yake ci. Sauran ɗakin farar ƙasa ne da daɓe da tabarma, shi ya sa in mai ɗaki ta ɗaga labule ka leƙa sai ka ji wani daɗi ya taso maka. Ba wadda ta karanta wannan tsari a littafi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Sai kuɗi suka zo. Ariyas ɗin ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata a 1975, shekarar da ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a tashar Legas maƙare da siminti. Shekara na zagayowa ma'aikata suka kwararo Minna daga Sakkwato, aka shiga gina kwatas-kwatas, daga baya lokos a Bosso da Tunga. Bulo da filasta suka kori yaɓe, bango ya zama sumul, shi kuwa sumul ba shi da abin nunawa sai an shafa masa wani abu. Nan fenti ya sami ƙofa: Berger da Dulux ga mai hali, na kwaɓawa a bakin kasuwa ga sauran jama'a. Gwamnati ta koya mana salonta na makarantu da asibitoci, fenti mai ruwa a sama, mai mai a ƙasa daidai inda hannun yara ke kaiwa don a iya wankewa. Mu kuma muka karɓa muka ƙara gishiri. Falon shekarun 1980 ba ya jin kunyar kowa: bango ruwan omo ko kore shar, leda mai fure a ƙasa, kujerun kushin ruwan goro an yafa musu farar saƙa, fulawar roba a kan talabijin, ga tsohuwar kalanda an ƙi cirewa saboda hoton Ka'aba. Ba zan ce yana da kyau ba. Amma kana shiga ka san gidan wane ne, domin kowane abu da ranar da ya shigo da wanda ya kawo shi. Wannan dardumar tsarabar Makka ce, wancan tiren tagulla daga Bida aka zo da shi ranar suna.

Abin da ya canza lissafi shi ne saiti. Daga farkon shekarun 2000, da 'yan kasuwarmu suka buɗe hanyar Dubai da Sin, daga baya Turkiyya, kayan ɗaki suka daina zuwa ɗaya-ɗaya. Gado da wadrob da madubi da kujeru da labule, duk rana ɗaya, mota ɗaya, kala ɗaya. Kafintocinmu, da ba a barinsu a baya wajen kwaikwayo, suka ɗauki hoto suka buga nasu. Tambayar farko da ake yi wa amarya ta tashi daga "me da me aka saya miki?" ta koma "wace kala kika zaɓa?" Ita ce dai tambayar da ake yi in biki ya matso za a fitar wa ƙawaye atamfa, kuma ina ganin daga can aka aro ta: ɗaki ne ya shiga yin anko. An yi yayin ja da ruwan gwal, an yi na shunayya da ruwan hoda, sannan da waya ta shiga hannun kowa Instagram da TikTok suka kawo toka da fari, da silin fi-o-fi mai fitilu a ɓoye. Yayin ba namu ne mu kaɗai ba. Sai da ya gama da Turai da Amurka, har kamfanin Pantone, mai fitar da kalar shekara, ya sa toka cikin biyun da ya zaɓa wa 2021. Yau mai lura zai shiga ɗaki a Tunga ko Kpakungu ya faɗi lokacin da aka ɗaura auren bai tambayi kowa ba. Daɗin anko dai na yini guda ne, gobe kowace ta koma zaninta. Ɗaki kuwa ba ya tuɓewa.

Akwai dalili a halittar ido kansa. Ido ba ya ganin kala ita kaɗai, da maƙwabciyarta yake auna ta. Wanda ya yi suna wajen tsara wannan a rubuce mutumin marina ne, Michel Chevreul, masanin sinadarai da aka ba shugabancin sashen rini a masaƙar Gobelins ta birnin Paris a 1824. Aka kawo masa ƙorafi cewa baƙin zarensu ba ya baƙi sosai. Ya bincika ya tarar rinin lafiyarsa ƙalau, zaren shuɗi da shunayya da ake sakawa a gefensa ne ke sa a gan shi a koɗe. Ya wallafa littafi a kan haka a 1839. Marinan Ƙofar Mata da masu ɗinkin aska takwas ba su jira shi ba, sun daɗe da sanin abin da farin zare ke yi in ya hau kan shuni. Sannan ido yana sabawa. Ka ƙura wa jan ƙyalle ido na ɗan lokaci, ka juya ga farin bango, za ka ga wani kore-kore yana yawo, alamar sashen idon da ke karɓar ja ya gaji. Ɗakin da komai nasa ja ne, bayan ɗan zama jan ya daina zama ja, nauyi kawai ake ji. Mai ɗakin ta kashe kuɗi don a ga kalar da take so, yawan kalar kuma ya hana a gan ta.

Duk wanda Allah ya kai shi Madina ya ga akasin wannan. Koriyar kubbar nan, da aka shafa mata koren a 1837 zamanin Sarki Mahmud na Biyu na Daular Usmaniyya ta Turkiyya, daga nesa ake hango ta, domin abin da ke kewaye da ita fari ne da ruwan yashi. Da an bi masallacin duka da hasumiyoyinsa an shafe da kore, da ba alhajin da zai nuna wa ɗan'uwansa da yatsa ya ce ga ta can. Masu kare launi ɗaya sukan kawo misalin Shafshawan ta Maroko da Jodfur ta Indiya, garuruwan da suka yi suna da shuɗi. Lalle suna da kyau. Amma a ƙara duba hotunan: kowane gida shi ya kwaɓa nasa shuɗin da farar ƙasa, wani ya yi duhu, wani ya yi haske, wani rana ta cinye shi, bangon kuma gargada ne irin namu na da. Shuɗi ɗari ne ake kira shuɗi ɗaya. Bokitin kanti ba ya ba ka wannan a kan bangon da aka goge sumul, balle a ce tayil da yadin kujera da labule duk su ma sumul ɗin ne.

Ga kuma ƙasar da muke ciki. Hotunan da ake kwaikwayo, yawancinsu an ɗauke su ne a ƙasashen da rana ke yi wa rowa, inda ba a san hunturu mai ƙura ba. A Minna daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ba ta sallama, in ta haɗu da jar ƙasar unguwa kuma, a kan tayil fari ko toka mai ƙyalli sawun kaza ma sai ya fito. Matar gida ta share da safe, ta goge da azahar, kafin magariba aiki ya dawo sabo. Damina ta zo, feshin ruwa ya ɗebo jar ƙasa ya rina gindin katanga. Baƙin rufi da katanga mai duhu kuwa, a garin da zafin Maris ke kusantar digiri 40, sayen wahala ne da kuɗi. Farin fenti yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, mai duhu kuwa shanye mafi yawansa yake ya mai da shi zafi, ya sako maka da dare. A birnin Ahmedabad na Indiya, tun 2017 hukuma da kanta ta shiga faranta rufin gidajen talakawa don ɗaki ya yi sanyi, mu nan biya muke a baƙanta namu. Sai a dogara da na'urar sanyaya ɗaki, a jihar da ke da madatsun lantarki na Kainji da Shiroro da Zungeru amma kowa ya san halin wuta. In an ɗauke, falon toka mai labule mai kauri duhu ne da rana tsaka. In an kawo, farin ƙwan nan na zamani mai ɗan shuɗi-shuɗi ya haska toka, fuskar baƙo ta yi fayau har ka tambaye shi ko jiki ne. Tsohon ƙwai mai ruwan ɗorawa da fitilar kananzir, duk da hayaƙinta, ba su taɓa yi wa fuskar mutum haka ba.

Ba duka laifin yayi ba ne, akwai na aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aka kuma saki naira, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, bokitin fenti mai lita 20 ya zama abin da ake shawara kafin a saya. Mai gidan haya ya sayi kala ɗaya ya bi ɗaki da falo da kicin da baranda, ragowar ya kai wa katanga. Wani mai fenti ya taɓa ce mini, "Hajiya, in kika ce kala uku, bokiti uku ke nan, kowanne kuma sai ya yi saura. Toka kuwa ko ta ƙare akwai irinta a kowane shago." Hujja ce, ban raina ta ba. Saitin amarya ne dai ba za a kira shi tattali ba. Jeren da ajiya ne. Kwanukan mace dukiyarta ce, tana ƙarawa da kuɗin adashi, in ta tashi aurar da 'ya ta ɗebi wasu ta ba ta, in rana ta ɓaci ta zare biyu ta ba dillaliya ba wanda ya lura da gurbin. Saiti ba ya rabuwa. Yaro ya zuba manja a kujera ɗaya, duka sun tashi aiki, domin ba za a sami yadin da ya yi daidai ba. Yayi ya wuce, dillaliya ta taya shi kuɗin da bai kai na labulen ba. Uba ya ci bashi ya sayi abin da ya fara tsufa tun ranar da aka sauke shi daga mota.

Duk da haka 'yan matan yanzu suna da abin cewa, kuma ya kamata a saurara. Su ne suka tashi suna sauke jeren iyayensu kwano-kwano suna wankewa duk jajiberin salla, suna korar kyankyasai daga bayan shokes. Wadda ta sha wannan, in ta ce tana son ɗaki mai kala ɗaya da za ta goge nan da nan ta tafi aiki ko makaranta, ba rashin ido ba ne. Kuma launi ɗaya yana yi, na ga inda ya yi. A wani gida a Bosso komai fari ne da ruwan madara, amma bangon yana da ɗan kaushi, labulen saƙi ne, an shimfiɗa tabarmar kaba a kan tayil, kujerun katako ne da ba a rufe masa jiki da fenti ba, a lungu kuma ga baƙar tukunyar Gbagyi. Kala ɗaya, fuska biyar ko shida. Masu koyar da adon ɗaki suna da ƙa'idar da suke nanatawa, wai kashi 60 na babbar kala, 30 na mai bi mata, 10 na mai tsone ido. Ba laifi, sai dai lissafin falon da mutum biyu ke zama ne. Namu falon na suna ne da gaisuwa da buɗa-baki. Mata goma in suka shigo da atamfa da leshi da mayafai, sun kawo kashi goman har da riba. Abin da ake nema wurin bango da kujera shi ne su ja baya su ba mutane fili. Ja da gwal ba sa jan baya, gasa suke da masu shigowa. Yanzu an ce toka ta fara gundurar jama'a, ruwan zuma da kalar katako ake yayi. Ban yi saurin murna ba, domin in dai saiti za a sake saya, ankon ne kawai aka canza.

Inda abin ya fi damuna shi ne ranar da kala ta zama doka a gida. Washegarin kai wata 'yar ƙanwata muka je ganin ɗaki, a sababbin gidajen nan na wajen Maitumbi. Komai toka da fari, har da kwandon shara. Dangi suka zo da gudummawa yadda aka saba, wata da kuloli masu fure, wata da bargo, wata da darduma mai ja da kore. Ƙawayen amarya suna karɓa da hannu biyu suna godiya, suna zagayawa da su sito. Gwaggonmu, wadda ta ɗauko dardumar tun daga Kontagora, kaka ce a wurin amarya, akwai wasa tsakaninsu, kuma ba abin da ke wuce ta. Ta ce, "Ke 'yar nan, ina sallayar da na kawo?" Amarya ta sunkuyar da kai ta ce, "Tana nan, Hajiya Kaka, an adana ta. Ba ta shiga da kalar ɗakin ba ne." Gwaggo ta dubi atamfar jikinta mai ruwan lemo da kore, ta dubi matan da suka cika falon kowace da tata, ta ce, "To, ai sai ki nuna mana siton, mu ma mu je a adana mu."